AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tarihin kaktus ɗin da ya tashi a kan bishiya

Amsar da za ku karanta a wannan makon mun fara ba da ita ne a cikin shirinmu na rediyo, to amma lokaci ya ƙure mana ba mu kai ƙarshe ba, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku ita a nan gaba ɗayanta.

Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, wanda yake kai masara da dawa Kudu. Ya ce a wata tafiya da ya yi, ya tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi, sai ya ga wani tsiro a cikin 'yar tukunyar roba, rassansa gaɓa-gaɓa masu faɗi suna lanƙwasowa ƙasa, a bakin kowane reshe da jan fure. Abin ya ba shi sha'awa, ya biya kuɗi masu kauri ya sayo wa uwargidansa tsaraba. Mai sayarwar ya ce da shi kaktus ne, tsiron hamada, a sa shi a rana kuma kada a dame shi da ruwa. Da ya iso gida sai ya juye shi a cikin yashi, ya ɗora a kan katanga inda rana ke dukansa tun safe har la'asar. Kafin mako biyu furanni sun zube, gaɓoɓin sun yi ja sun yamutse. Da uwargida ta ga haka sai ta shiga kwarara masa ruwa safe da yamma, yanzu kuma gindinsa ya yi baƙi ya fara ruɓewa. Shi ne Alhaji yake tambaya, shin cutarsa aka yi, ko kuwa shi ne bai iya ba? Kuma wai daga wace ƙasa wannan tsiro ya fito?

To Alhaji, ba a cuce ka wajen kaya ba, wajen bayani aka cuce ka. Bisa ga yadda ka siffanta shi, abin da ka sayo kaktus ne na gaskiya, wanda masana tsirrai ke kira Schlumbergera, Turawan Ingila kuma suke ce masa kaktus ɗin Kirsimeti. Sai dai shi da hamada ko a mafarki ba su taɓa haɗuwa ba. Tambayarka ta biyu ita ce za ta amsa ta farko, domin wanda ya san inda tsiron nan ya tashi, ya san rabin yadda ake renonsa.

Bari mu fara da kawar da wani ruɗani. Mu nan ƙasar Hausa, da an ce kaktus, ko murtsunguwa kamar yadda wasu ke faɗi, sai hankalinmu ya tafi kan ƙerana da tinya, wani ma har ya haɗa da aguwa da ake yin shingen gona da ita. Kama ce kawai, amma ba danginsu ɗaya ba. Su waɗannan namu idan ka karya su za ka ga farin ruwa kamar nono yana fita, kuma kowane manomi ya san abin da ruwan tinya ke yi wa ido da fata, har maharban da can suna sa shi cikin dafin kibiya. Wanda ka sayo ba shi da wannan farin ruwa, ba shi kuma da dafi. Asalin dangin kaktus, waɗanda irinsu ya haura 1,500, daga nahiyar Amurka suke, tun daga arewacinta har kudancinta. Iri ɗaya tak aka sani wanda ya tsiro da kansa a dazuzzukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Duk sauran da ake gani a Afirka da Turai da Asiya, mutum ne ya ɗauko su ya kawo. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga manomi, domin rogo da gyaɗa da masara su ma daga can suka ƙetaro teku, bayan Turawan Fotugal sun sauka Birazil a 1500.

Yawancin dangin nan a busasshiyar ƙasa suke zaune, shi ya sa mai sayar maka ya yi musu kuɗin goro. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da suke rayuwa a cikin kurmi, kuma naka yana cikinsu. Gidansu shi ne duwatsun kudu maso gabashin Birazil, kusa da gaɓar tekun Atlantika, a yankin birnin Riyo de Janero da jihohin da ke maƙwabtaka da shi. Tudu ne sosai, daga mita 700 zuwa sama. Iska mai laima tana tasowa daga teku, idan ta hau duwatsun sai ta yi sanyi, gajimare ya sauko har ya lulluɓe bishiyoyi, ruwa ya yi ta zuba. A nan ne tsiron yake, kuma ba a ƙasa ba. A kan rassan manyan bishiyoyi yake zama, ko a tsagar dutse, inda ganye ya taru ya ruɓe. Wani zai ce ashe kauci ne. A'a, kauci yana huda bishiya ya sha jininta, shi kuwa wannan aron wurin zama kawai yake yi, abincinsa daga ruɓaɓɓen ganye da ruwan sama yake samu. Sai ka lura da abubuwa uku a nan. Rana ba ta dukansa kai tsaye saboda ganyen bishiya ya yi masa laima. Ruwa yana samunsa a kai a kai. Amma kuma ruwan ba ya kwanciya a gindinsa, da an ɗauke ya tsiyaye, iska ta bi ta cikin saiwoyinsa. Abin da kake gani kamar ganye kuma ba ganye ba ne, kara ne ya baje, a cikinsa yake ajiye ɗan ruwan da zai yi maneji da shi tsakanin ruwa da ruwa. Furen nan mai tsawo kamar kakaki, wani ɗan tsuntsu ne mai dogon baki yake zuwa shan zaƙinsa, shi ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan.

To yaya aka yi ya bar kan bishiya ya shiga ɗakunan mutane? Nan ne siyasa ta shigo. Shekaru aru-aru Turawan Fotugal sun rufe Birazil, ba su yarda jiragen wasu ƙasashe su yi ciniki a can ba. Sai a ƙarshen 1807 sojojin Napoleon na Faransa suka mamaye Fotugal, gidan sarautar ƙasar ya tsere ta teku tare da rakiyar jiragen yaƙin Ingila, suka koma Birazil da zama. A farkon 1808 aka buɗe tashoshin jiragen ruwan Birazil ga ƙasashe abokai, kuma wadda ta fi cin moriyar wannan ita ce Ingila. 'Yan kasuwa suka shigo, a bayansu sai ga masu farautar tsirrai. A 1814 lambun sarauta na Kew da ke kusa da Landan ya aika da mutum biyu, Allan Cunningham da James Bowie, suka yi kusan shekara biyu suna yawo a yankin Riyo da San Paulo suna tara iri suna aikawa gida. Zuwa 1818 an riga an fara renon irin farko na wannan kaktus a Turai, a 1819 kuma wani masanin tsirrai na Ingila, Adrian Haworth, ya rubuta siffarsa ya ba shi sunan kimiyya.

Kada ku ɗauka kai tsiro Turai abu ne mai sauƙi a wancan zamani. Jirgin ruwa mai filafilai ne, ana makonni da yawa a teku, ga feshin ruwan gishiri, ga ɓeraye, ga ƙarancin ruwan sha wanda matuƙa ba za su yarda a zuba wa ganye ba. Akasarin tsirran da aka ɗauko a hanya suke mutuwa. Sai a 1833 ne wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya gwada aika tsirrai zuwa Ostareliya a cikin rufaffen akwatin gilashi, suka isa da ransu, daga nan harkar ta sauya. Shi namu ya riga akwatin nan isa Turai, kuma ni a ganina ɗan ruwan nan da yake ajiyewa a gaɓoɓinsa shi ya taimake shi ya jure tafiyar.

Iri na biyu wani ɗan Sikotlan ne ya gano shi, George Gardner, wanda ya zagaya Birazil daga 1836 zuwa 1841. A can saman duwatsun Organ, arewa da Riyo, ya same shi, inda ya fi wurin na farkon tudu da sanyi. Ya isa Ingila a 1839, aka raɗa masa suna daga sunan gidan wani basarake, John Russell, mai sarautar Bedford, wanda ya tara kaktus masu yawa a gidansa. Haka abin yake a lokacin, sarakuna da attajirai ne kaɗai ke da ɗakunan gilashi da ake ɗumama su da wuta don tsirran ƙasashe masu zafi su rayu cikin hunturun Turai. Ko sunan Schlumbergera ɗin ma na wani mai hali ne, Frédéric Schlumberger, Bafaranshe mai tara kaktus a kusa da birnin Ruwan na Faransa, wanda masanin tsirrai Charles Lemaire ya karrama da wannan suna a 1858.

Abin da ya sauko da tsiron daga gidan sarakuna zuwa gidan talaka abu biyu ne, kuma 'yan kasuwa za su gane su da sauri. Na farko haraji. Gwamnatin Ingila tana karɓar haraji a kan gilashi, har ma da wani a kan yawan tagogin gida. Ta soke na gilashi a 1845, na tagogi kuma a 1851. Gilashi ya yi araha, gidaje suka sami manyan tagogi, matsakaitan mutane suka fara ajiye tukwanen furanni a bakin taga. Na biyu kuma sabon iri. Wani ma'aikacin lambu, William Buckley, a lambun renon tsirrai na Rollisson da ke unguwar Tooting a Landan, ya ɗauki ƙurar furen ɗaya daga cikin iri biyun nan ya shafa wa ɗayan, ya shuka 'ya'yan da suka fito. Wannan ba irin auren da muke yi wa mangwaro ba ne, inda ake ɗaura reshe a kan wani gindi, barbara ce ta fure da fure. Zuwa 1852 an riga an san wannan ruwa-biyu, wanda har yau yake ɗauke da sunan Buckley. Shi ne asalin kaktus ɗin Kirsimeti. Ya fi iyayensa juriya, yana kamawa daga reshe ba tare da wahala ba, don haka maƙwabciya sai ta tsinko wa maƙwabciya, uwa ta bar wa 'ya. A Turai da Amurka akwai gidajen da tukunya ɗaya ta shekara hamsin ko fiye ana gadonta.

Kamar kowane kayan yayi, shi ma kasuwarsa ta taɓa faɗuwa. A farkon ƙarni na 20 mutane sun juya masa baya, launuka da yawa da aka samar a da suka ɓace. Sai daga wajen 1950 aka sake waiwayarsa a Turai da Amurka da Ostareliya, aka fitar da fari da ja da ruwan hoda da ruwan goro, daga baya har da rawaya. Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu jikokin irin farkon nan ne. Alhaji, duba gefen gaɓoɓin naka. Idan akwai 'yan haƙora masu tsini, to na farkon ne. Idan gefen a mulmule yake, furen kuma yana rataye yana kallon ƙasa, to na Buckley ne. Renonsu dai duk ɗaya. Abin takaici, shi kansa kurmin da suka fito an sare mafi yawansa saboda noman rake da kofi da yin gawayi da gina birane, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Akwai wani abin mamaki game da sunansa. A Birazil furen watan Mayu aka fi kiransa, domin a lokacin yake fure a can. Dalili shi ne tsiron ba kalanda yake dubawa ba, tsawon dare yake aunawa. Lokacin da muke kwalejin horon malamai, da lemo da fitila ake nuna mana wannan darasi: duniya a karkace take, saboda haka idan arewacinta yana cikin dogon yini, kudancinta yana cikin dogon dare. Riyo tana kudu, a watan Mayu ne dare ke tsawo sanyi ya shigo. Da aka kai tsiron Ingila, sai ya tarar da dogon dare da sanyi a Nuwamba da Disamba, shi ke nan sai ya koma fure a lokacin bikinsu. Abin da yake bukata shi ne duhu wanda ba a katse ba na aƙalla sa'a 12 kowane dare, na tsawon makonni, tare da sanyi-sanyi. Mu a nan, a wuri kamar Kano, daren Disamba yana kai kusan sa'a 12 da rabi, ga kuma sanyin hunturu. Ke nan zai iya yi maka fure a lokacin, in dai ba ka bar shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki ko fitilar sola da ke kwana a kunne ba. Hasken fitila cikin dare yana ruɗa shi ya fasa. Daga watan Oktoba, da magariba ta yi sai a kai shi inda babu fitila, ko a kifa masa kwali har gari ya waye. Da zarar ƙullin fure ya fito kuma a daina yawo da shi daga wuri zuwa wuri, kada a bar shi ya bushe ƙarƙaf, in ba haka ba ƙullin zai kakkaɓe.

Yanzu ka ga kuskuren da aka yi a gidanka, har kashi biyu. Kai ka mai da shi ɗan hamada, jan da ya yi ƙunar rana ce. Uwargida kuma, da kyakkyawar niyya, ta mai da shi shinkafar fadama, ruwa ya kwanta a gindinsa saiwa ta rasa iska ta ruɓe. A cikin biyun nan na biyun ya fi saurin kisa. Kuma ga inda mutane ke ruɗewa: idan saiwa ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai gaɓoɓi su yamutse kamar masu jin ƙishirwa, mai shi ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa.

Abin yi shi ne a kwaikwayi reshen bishiyar nan. A nemi ƙaramar tukunyar ƙasa a huda gindinta, ba ya son babbar tukunya, ya fi jin daɗin matsi. A haɗa ruɓaɓɓen ganye irin wanda ake samu a gindin tsohuwar bishiya, da yashi mai tsakuwa, da dakakken gawayi, da ɓawon itace in an samu. Laka da jar ƙasa mai danƙo kada su shiga. Wurin ajiya kuma inda akwai haske amma rana ba ta faɗa masa, kamar bakin taga ta gabas da ke samun ranar sassafe kawai, ko ƙarƙashin rumfa. Ba a ba shi ruwa da lissafin kwanaki. A tura yatsa cikin ƙasar, in saman ya bushe a zuba har ya fito ta ƙasa, a zubar da wanda ya taru, in da sauran danshi a ƙyale shi. Ruwan sama ya fi masa ruwan rijiya mai kanwa. Taki kaɗan ya ishe shi, da damina, kuma wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji ƙone saiwar zai yi.

Ba zan ɓoye muku ba, babban abokin gabansa a ƙasarmu shi ne bazara. Tsiron da ya saba da sanyin kan dutse, idan zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu wahala yake sha ƙwarai, haka nan busasshiyar iskar hunturu tana tsotse shi. A Jos da tsaunin Mambila zai zauna kamar a gidansu. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram kuwa sai an yi da gaske. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a ajiye shi kusa da randa, a ɗakin da ya fi sanyi, inda yashin gindin randar yake da danshi kullum, amma a ɗora tukunyar a kan bulo ko dutse, kada ta zauna cikin jiƙaƙƙen yashin, wannan kuma zai hana gara shiga. Masu sha'awar sayar da shi a kasuwa, shawarata kada ku zuba jari mai yawa sai kun ga tukunya biyu ko uku sun ƙetare bazara ɗaya a hannunku. Kuma don Allah ku riƙa gaya wa mai saye gaskiyar abin da ya saya.

Game da naka da ya fara ruɓewa, Alhaji, gindin da ya riga ya yi baƙi ya yi laushi ba ya dawowa, kada ka ɓata lokaci a kansa. Duba can saman rassan, ka zaɓi waɗanda har yanzu suke da ƙarfi, ka murɗe gaɓa biyu ko uku a haɗe daga mahaɗarsu, da hannu, ba sai da wuƙa ba. Ajiye su a inuwa kwana biyu ko uku bakin ciwon ya bushe, sannan ka soka gindin kowanne kaɗan a cikin sabon haɗin ƙasar nan, mai ɗan danshi kawai. Cikin 'yan makonni za su yi saiwa, alamar sun kama ita ce ka ga wata 'yar sabuwar gaɓa ja-ja ta leƙo a bakin tsohuwar. Tsohuwar ƙasar a zubar da ita, kada a sake amfani da ita. Idan ka ga wasu fararen ƙwari kamar auduga sun maƙale a mahaɗar gaɓoɓi, a goge su da tsumma da ruwan sabulu. Sai kuma awaki. Tun da ba shi da ƙaya mai ciwo irin ta 'yan uwansa na hamada, akuya ɗaya ta ishe shi cikin minti biyu, don haka a ɗaga shi sama. In Allah ya sa ya yi fure da hunturu mai zuwa ko na bayansa, a rubuto mana a gaya mana launinsa, da kuma gaisuwa ga uwargida.